Gansakuka a tankin murjani: nazarin wani lamari a Birnin Kebbi

Ni mutumin tarwada ne. Na daɗe ina gina tankunan siminti da haƙa kududdufai tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma a wajenmu in ruwa ya yi kore ba a tada hankali, cewa ake ruwa ya nuna. Ruwan gishiri kuwa a Legas na taɓa shi, lokacin da na yi zaman wata tara a shagon wani mai sayar da kifin ado. Wannan ɗan sanin ne ya sa aka aiko kirana a ƙarshen Fabrairu zuwa gidan wani Alhaji ɗan kasuwar shinkafa, wanda ya ga tankin murjani a wani otal a Jidda lokacin umara, ya dawo ya ce sai an yi masa irinsa a falo.

Tankin gilashi ne mai cin lita 400, tsawonsa santimita 120, da ƙaramin tanki a ƙasa inda famfo da na'urar kwashe kumfa suke. Wani mutum daga Kudu ya haɗa shi a watan Oktoba, ya karɓi kuɗinsa ya koma, saura sai ta waya. A ciki akwai kifi biyar, murjani mai taushi iri uku, da katantanwa goma sha biyu a farko. In an ce murjani yawancinmu tsakiyar da mata ke ratayawa a wuya muke tunawa, amma wannan dabba ce mai rai, manne a dutse, tana buɗewa tana rufewa. Duwatsun da aka jera busassu ne farare, ba waɗanda aka ciro daga teku da rayayyun halittunsu ba. Wannan zai dawo a gaba.

Mai kula da tankin ɗan ƙanwar Alhaji ne, saurayi da ya gama sakandare, mai tsabta har ta yi yawa. Shi ya tare ni a zaure.

"Malam, wanga abu ya gagare ni. In na goge shi da sahe, kahin la'asar ya dawo. Kawu gani yake ƙyuya nake."

Abin da aka yi kafin in zo

Sai da na zaunar da shi muka bi watannin ɗaya bayan ɗaya, don ba a rubuta komai ba.

A farkon Disamba, hunturu ya shigo, wata ƙura mai ruwan ƙasa ta fara kwanciya a kan yashi da gilashi. In an sa yatsa sai ta tashi kamar gari, ba ta da yauƙi, katantanwa kuma na cinta suna barin sawu fari. Wannan siffar dayatom ce, wata ƙaramar gansakuka mai ƙwaya ɗaya wadda ke gina ɓawonta da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Kusan kowane sabon tanki yana yin ta, kuma in silikar ta ƙare takan mutu da kanta cikin 'yan makonni. A nan ba ta mutu ba, domin ana ciyar da ita kullum ba a sani ba.

Ga yadda aka yi. Iskar hunturu busasshiya ce, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga tanki ba murfi. Kusan lita biyar ke ƙafewa a rana. Ruwa ne kawai ke tashi, gishiri da duk abin da ya narke suna nan, saboda haka abin da ake cikawa da shi dole ya zama ruwa tsantsa, wanda ya bi ta na'urar RO mai tace ruwa sannan ya bi ta ƙwayoyin DI masu kama ragowar sinadarai. An kawo na'urar, amma ƙwayoyin sun gaji tun Nuwamba, launinsu ya juya, ba wanda ya gaya wa yaron ma'anar hakan. Da ruwan ya fara ɗiga a hankali sai ya koma ɗiba kai tsaye daga burtsatsen gida. Lita biyar sau kwana sittin lita 300 ke nan, kusan cikin tankin gaba ɗaya. Ruwan burtsatse kuwa ya daɗe kwance cikin yashi da dutse, silika ba ta rasa shi. Akwai ma wani tarko: silika na cikin abubuwan da ke fara tsallake ƙwayoyin DI in sun gaji, kuma ɗan ma'aunin TDS da ake tsomawa a ruwa don auna abin da ya narke a ciki ba ya ganinta sosai, sai ya nuna lamba ƙarama alhali tana wucewa.

Alhaji ya ɗora laifin a kan ƙurar hunturu, kuma bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda na fara zato. Yawancin ƙurar da ke rufe mu tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, kuma ƙasar wurin cike take da ɓawon dayatom da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Ƙurar tana ɗauke da ƙarfe da fosfaros, har ƙetare teku take ta sauka a dajin Amazon. To amma abin da ke faɗawa tanki a falon da ke rufe kaɗan ne in an gwada da bokiti guda na ruwan burtsatse kowace rana. Na sa aka yi murfin raga, na bar maganar ƙura a nan.

A Janairu kore ya biyo baya, gashi-gashi mai laushi a saman duwatsun da hasken taga ke bugawa da hantsi. Nan aka kira mai haɗa tankin. Bai nemi hoto ba, bai tambayi ruwan da ake cikawa ba. Ya ce datti ya yi yawa, ya aiko da jan garin ƙarfe mai tsotse fosfet, wanda ake kira GFO, da wani ruwa a kwalba da ke ciyar da bakteriya don su cinye naitiret. Fosfet da naitiret su ne abin da kashin kifi da ragowar abinci ke bari a ruwa, su ne kuma abincin gansakuka. Ya ce a rage abincin kifi zuwa sau ɗaya a kwana biyu, a riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako, ya kuma aiko da sababbin ƙwayoyin DI. Na ƙarshen nan ne kawai ya dace, kuma da shi kaɗai aka yi, da ba a kira ni ba.

Yaron ya bi umarni har ya ƙara da nasa. Yana fitar da duwatsu ya goge su da buroshi. Cikin mako uku kore ya yi fari ya zube, tanki ya yi tas, Alhaji ya kira baƙi. Mako guda bayan nan abin nan mai ruwan ƙasa ya dawo, aka ce ai ƙurar nan ce ta Disamba, aka ƙara garin ƙarfe. Katantanwa suka fara faɗowa daga gilashi suna kifewa. Da na zo uku suka rage, murjani biyu sun rufe sun ƙi buɗewa.

Kama da wane

Ranar farko ban taɓa komai ba. Na ce zan zo sau biyu, bayan asuba da kuma bayan azahar. Da asuba, kafin fitila ta kama, yashi kusan fari ne. Ƙarfe uku na rana ya zama ruwan ƙasa mai duhu, da zare-zare kamar majina suna miƙewa sama, kowanne da ƙwayar kumfa a bakinsa. Dayatom ba ta yin haka. Ba ta tashi da dare ta dawo da rana, ba ta yin yauƙi, ba ta kashe katantanwa.

Gwaji na biyu a kofin shayi muka yi shi. Na zuƙo yauƙin da sirinji, na zuba a kwalba na girgiza har ya watse, na tace da takardar goge hannu cikin kofin gilashi, na ajiye a bakin taga. Ruwan da ya fito kamar ba komai a ciki. Kafin awa ɗaya zare ya sake haɗuwa a tsakiyar kofin. Halittar da ke iyo da kanta ta nemi 'yan uwanta ce kawai ke yin wannan.

Na uku shi ne madubin likita. Wani abokina mai aikin gwajin jini ya yarda na kai masa ɗigo bayan ya tashi aiki. Ya leƙa, ya ɗago, ya ce, "Malam, riɗi ka kawo mini?" Haka suke, kamar ƙwayar riɗi mai ruwan zinari, mai tsini a gefe guda, kowace tana kewaya wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wannan kewayen shi ne alamar Ostreopsis, ɗaya daga cikin halittun da masu tankin teku ke taƙaita sunansu da daino. Sanin irin yana da amfani a aikace. Ostreopsis tana sakin dutse da dare ta shiga ruwa tana iyo, shi ya sa yashi ke fari da asuba, kuma shi ya sa ake iya kama ta da fitilar UV, wadda haskenta ke kashe ƙananan halittun da ke cikin ruwan da ya bi ta cikinta. 'Yar uwarta Amphidinium cikin yashi take nutsewa, fitila ba ta samunta, da ita muka gani da an yi asarar kuɗin fitilar.

A bayan babban dutse, inda ruwa ba ya motsi, akwai wani tabo ja mai duhu, faɗin tafin hannu, da ke ɓantarowa kamar ɓawon ƙanzo. Wannan sayano ce. Gansakuka ake kiranta amma bakteriya ce mai cin haske. Alhaji ya ji an ce erythromycin, wani maganin kashe bakteriya, na kashe ta, ya ce a aika kemis. Na hana. Maganin ba ya zaɓar wadda zai kashe, tankin kuma ya riga ya rasa yawancin ƙananan halittunsa. Mun juya bakin famfo ɗaya ya fuskanci wurin, muka zuƙe tabon sau uku, bai sake zama ba.

Sai ma'auni. Gishiri daidai, giram 35 a lita. Zafi digiri 27. Naitiret sifili. Fosfet, da ma'aunin Hanna mai nuna lamba, sifili. Yaron ya yi murmushi da ya ga sifilin, a zatonsa ya ci jarrabawa.

Yadda na yi wa Alhaji bayani da yaren shinkafa ne. Naitiret da fosfet su ne N da P da ke jikin buhun takin zamani. Ya san fadamar da aka cika wa taki ciyawa ke rufe ta. Abin da bai taɓa tunani ba shi ne gonar da aka ƙwaƙule har ba ta da komai, ita ma ba ta zama fili, wuta-wuta ce ke kama ta, don ita ce ke jin daɗin ƙasar da ta gaji. Daino haka take. Tana iyo, tana iya cin wasu ƙananan halittu bayan hasken da take amfani da shi, tana da guba da ke hana a ci ta. In gansakuka ta gari da bakteriya da ƙananan ƙwarin ruwa suka mutu da yunwa, fili ya zama nata. Dutsen busasshe da aka fara da shi ya sa tun asali masu yi mata gasar ba su da yawa, buroshin yaron kuma ya share 'yan kaɗan da suka fara kamawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"To yanzu mi za a yi?"

"Ranka shi daɗe, datti za mu mayar."

Ya dube ni ya dubi tankin. Da ba don murjanin da ya ga suna mutuwa ba, na tabbata da ya sallame ni a nan.

Abin da muka yi

Mun cire garin ƙarfe, mun daina zuba ruwan kwalba, mun dakatar da canjin ruwa gaba ɗaya. Abincin kifi ya koma sau biyu a rana. Burina naitiret ta kai tsakanin miligiram 5 da 10 a lita, fosfet tsakanin 0.05 da 0.1. Bayan mako guda naitiret ta ɗan motsa, fosfet ko gezau. Dalili shi ne dutsen murjani da yashinsa na alli ne, suna kama fosfet su riƙe, kuma garin ƙarfe ya riga ya tatse su, sai sun ƙoshi kafin wani abu ya rage a ruwa. Dole muka zuba da hannu.

Nan Alhaji ya ce yana da NPK buhu-buhu a sito. Na roƙe shi ya bar ta can. Takin gona yana da yuriya ko amoniya, waɗanda ke ƙona kifi, kuma ba a tace shi daga ƙarafa ba. Tagulla kaɗan ta isa ta kashe murjani da katantanwa. Sinadari tsantsa na ɗakin gwaji muka samo. Lissafinsa mai sauƙi ne: giram ɗaya na sodiyam naitiret yana da kimanin giram 0.73 na naitiret, ruwan tankin in an cire dutse da yashi kusan lita 350 ne, saboda haka giram ɗaya yana ɗaga shi da miligiram 2 a lita. Giram ɗaya a rana, a auna, a rubuta. Fosfet ma haka, da ƙanƙanin da ya fi wannan nesa. Sai a kwana na goma sha ɗaya lambar ta kwana ba ta koma sifili ba.

Fitilar UV mai wat 36 daga Legas ta zo. Mun sa mata ƙaramin famfo nata da ke zuƙa daga cikin babban tankin ya mayar ciki, a hankali, domin in ruwa ya wuce da gudu hasken ba ya samun lokacin kashe komai. Da dare take aikinta na gaske. Kullum da la'asar yaron na zuƙe yauƙin da tiyo, ya bi ta cikin jakar tacewa mai ƙananan ƙofofi, ruwan ya koma tanki. Mun sa gawayin tace ruwa ana sauya shi duk mako saboda gubar.

Gubar ba wasa ba ce. Ostreopsis na yin guba dangin palitoksin. A Yulin 2005 a Genoa ta Italiya, mutane kusan 200 sun je asibiti da tari, zazzaɓi da ƙaiƙayin ido bayan sun shaƙi iskar bakin teku lokacin da ta yi yawa a ruwan. Ɗaya daga cikin murjanin Alhaji, irin mai kama da ƙananan furanni, danginsa ma an san wasunsu da wannan guba. Yaron ya daɗe yana goge duwatsu da hannu tsirara, yana zuƙar tiyo da baki don ruwa ya taso. Na sayo masa safar hannu doguwa da tabarau, na koya masa cika tiyo da ruwa kafin ya tsoma, na ce a buɗe taga in yana aiki, kuma kada a taɓa zuba wa dutsen tanki ruwan zafi. Yaran gidan aka hana su sa hannu.

A mako na uku muka rufe tankin da kwali da baƙar leda kwana uku, ba fitila, ba hasken taga, famfo da iska suna aiki. Ban wuce uku ba saboda wani abu da ya ba Alhaji dariya: murjanin kansa yana rayuwa ne da wasu daino na gida da ke zaune cikin namansa suna yi masa abinci da haske. Dangi ɗaya ne da abokin gabar. Duhun da ke gajiyar da wancan yana gajiyar da wannan. Da aka buɗe, yashi fari. Na gargaɗe su cewa zai dawo, ya kuwa dawo a kwana na biyar, amma tabo-tabo, ba shimfiɗa ba.

Abin da ya kusa rushe aikin ba gansakuka ba ce. Afrilu ta shigo, zafin Birnin Kebbi ya haura digiri 40, wata rana aka ɗauke wuta tun safe, janareta kuma ya ƙi tashi. Kafin magariba ruwan ya kai digiri 31. Murjani yana son 25 zuwa 26, in ya daɗe sama da 30 sai ya kori halittun da ke cikinsa ya yi fari. Ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska sosai, ga famfo a tsaye. Yaron ya yi dabara, ya jefa gorunan ƙanƙara a rufe cikin ƙaramin tankin, ya zauna yana ɗiban ruwa da kofi yana kwararawa daga sama har wuta ta dawo. Kifi duk sun rayu. Murjani ɗaya, wanda dama ya fi jin jiki, ya narke bayan kwana biyu. Washegari Alhaji ya sa aka ja waya daga batirin solar gidan zuwa famfo biyu, ya kuma yi odar na'urar sanyaya ruwa. A ganina wannan ya kamata a fara saya kafin kifi ko ɗaya, kuma duk mai haɗa irin wannan tanki a Kebbi bai sa ta cikin lissafi ba ya ci amanar mai gida.

Yadda aka ƙare

A mako na shida kore ya fara tsirowa a saman duwatsu, wannan gashin da aka kashe kuɗi don kawar da shi a Janairu. Ƙurar dayatom ma ta ɗan dawo a gilashi. Yaron ya ɗauko buroshi, na riƙe hannunsa. Su ne ke ƙwace filin. Akwai ma masu tanki da ke zuba silika da gangan a irin wannan hali don dayatom ta taso ta danne daino. Mu ba mu buƙaci haka ba. Na sake kai ɗigo wurin abokina, muka ƙirga riɗi biyu ko uku a inda da ba a iya ƙirgawa.

Sai da muka yi mako biyu ba zare ba kumfa kafin in yarda a kawo sababbin katantanwa, irin Trochus, don su in sun kife suna iya juyawa da kansu. Goma aka aiko a mota daga Legas, bakwai suka iso da rai. Gashin kore yanzu tsige shi ake da hannu sau ɗaya a mako, katantanwa su bi saura, taga kuma an sa mata labule mai kauri. Canjin ruwa ya dawo, kashi ɗaya cikin goma duk mako biyu, da ruwan RO da gishirin teku na musamman, ba na miya ba. Akwai littafi a kan tankin: gishiri, zafi, naitiret, fosfet, launin ƙwayoyin DI, kowace Asabar. Fitilar UV tana nan a kunne, sai bayan damina za mu gwada kashe ta.

Zuwana na ƙarshe, a Yuni, na tarar da Alhaji tsaye da reza a hannu. Ya ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan hoda a jikin dutse da kusurwar gilashi, masu tauri, ba sa gogewa da yatsa.

"Malam, ga wata sabuwa ta hito."

Na ce masa ta gilashin gaba ya kankare, ta dutse ya bar ta. Gansakukar alli ce, tana gina jikinta da kalsiyam kamar murjani, kuma inda ta rufe gashin kore ba ya samun wurin kamawa da sauƙi. Yaron ya ɗauko rula ya auna babban ɗigon, milimita huɗu, ya buɗe littafi ya ƙara masa layi.